Matsalolin Maido da Fayiloli daga Faifan Ajiya na Kwamfuta: Musabbabansu da Hanyoyin Warware Su

1.0 GABATARWA

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010, da wuya a sami wata hanyar adana aikin kwamfuta wadda ta kai faifan CD da na DVD karɓuwa a wurin malamai da ɗalibai. Faifan yana da araha, ba shi da nauyi, kuma jama'a sun ɗauka cewa abin da aka naɗa a kansa ya zauna ke nan har illa masha Allahu. Saboda haka kundayen digiri, da muryoyin da aka ɗauko wajen bincike a ƙauyuka, da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami, da daftarin littattafan da ba a kai ga bugawa ba, duk an zuba su a fayafayai an jera cikin kabad. A yau idan bukata ta taso aka ɗauko faifan, sau da yawa akan tarar ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗu amma wasu fayiloli sun ƙi kwafuwa, ko kuwa sun kwafu amma abin da ke ciki ya zama shirme. Wanda ya naɗi muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya kuwa, ba shi da inda zai koma ya sake naɗowa.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana dalilan da ke hana maido da fayiloli daga irin waɗannan fayafayai, ta kuma nuna yadda ake bin diddigin matsalar daki-daki har a gano inda take. Abin da muke nufi da faifan ajiya shi ne faifan da aka zuba wa kwafin aiki don ko-ta-kwana. Maidowa kuwa ita ce ɗauko wannan kwafi a mayar da shi cikin kwamfuta yadda za a iya aiki da shi.

Tsakanin mutum da fayil ɗinsa akwai ƙofofi 5, kuma dole ne kowacce ta buɗu: jikin faifan, da na'urar da ke karanta shi, da tsarin da aka bi wajen jera fayiloli a kansa, da manhajar da ta ɗaure ajiyar, sa'an nan shi kansa fayil ɗin. Galibin asarar da ake yi ta samo asali ne daga yi wa wata ƙofa magani alhali kuwa cutar tana wata ƙofar dabam.

2.0 YADDA FAIFAI YAKE

Kafin mu shiga maganar matsaloli, ya kamata mu san ƙirar abin da muke magana a kai. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD, aka fara sayar da shi a Japan cikin 1982, sa'an nan a 1988 aka fitar da ƙa'idojin irin wanda mutum zai iya naɗa da kansa, watau CD-R. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, kuma yakan ɗauki megabayit 650 ko 700. Faifan DVD mai shafi ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7.

Bayanai suna kwance ne a kan wani siririn layi guda ɗaya wanda ya faro daga cibiyar faifan yana kewayawa har zuwa baki, kamar yadda ake ɗinka faifan kaba. A faifan CD tsawon wannan layi ya haura kilomita 5. Jadawalin abin da faifan ya ƙunsa yana can farkon layin, kusa da cibiya, abin da aka naɗa daga ƙarshe kuma yana wajen baki. Wannan shi ya sa lahani kusa da cibiya yakan sa faifan ya ƙi buɗuwa baki ɗaya, lahani a wajen baki kuwa yakan taɓa wasu fayiloli ne kawai.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a faifan CD bayanan sun fi kusa da fuskar da ake rubutu a kai. Daga ƙasa akwai roba mai kauri wadda haske ke ratsawa, sai shafin rini, sai shafin ƙarfe mai ƙyalli kamar azurfa ko zinariya, sai ɗan siririn shafin fenti da ya rufe shi. Ke nan ƙarzuwar da ke ƙasa tana kare haske ne kawai, ana iya gyara ta. Amma ƙarzuwar da ke sama tana iya ɗauke bayanan ɗungurungum. Faifan DVD kuwa roba 2 ce masu kaurin milimita 0.6 aka manna, bayanan suna tsakiya, don haka ya fi jure ƙarzuwar sama, sai dai lanƙwasa shi yakan sa mannen ya saki.

Har wa yau, akwai bambanci tsakanin faifan masana'anta da wanda aka naɗa a gida. Na masana'anta buga shi aka yi da mazubi. Na gida kuwa hasken leza ne ya ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rini, rini kuma abu ne da zafi da laima da hasken rana suke kodar da shi. Masu ƙirar sun san za a yi kuskuren karatu, saboda haka suka sa bayanan gyara a ciki, bisa lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da shi a 1960. A faifan CD na kwamfuta kowane yanki yana da bayit 2,352, amma 2,048 ne kawai na mai faifai. Sauran 304 ɗin na alamomi ne da gano kuskure da gyara shi. Illar wannan kyakkyawan tsari ita ce yana ɓoye lalacewa: faifai yana rubewa a hankali, na'ura tana ta gyara kurakuransa ba tare da ta faɗa ba, sai ran da kurakuran suka fi ƙarfinta a wayi gari a ce faifai ya mutu farat ɗaya.

3.0 ƘA'IDOJI KAFIN A FARA

Akwai ƙa'idoji 3 waɗanda in an kiyaye su, ko ba a yi nasara ba, ba za a ƙara ɓarna ba.

(a) Kada a rubuta kome a kan faifan. Idan kwamfuta ta ce faifan fanko ne, ta nemi izinin shirya shi don sabon aiki, to a ƙi. A faifan da ake iya gogewa, watau CD-RW da DVD-RW, amsa wannan tambaya da "e" ita ce ƙarshen zance.

(b) Kada a maido da ajiya a kan fayilolin da ake aiki da su. A buɗe sabuwar jaka a zuba a ciki, sai an duba an tabbatar tukuna a haɗa. Mutane da yawa sun danne aikin bana da kwafin bara.

(c) Idan faifan yana karantuwa ko da da ƙyar ne, abin da za a fara yi shi ne a ɗauki cikakken kwafinsa, yanki bayan yanki, a ajiye a rumbun kwamfuta. Duk wani gwaji da zai biyo baya a yi shi a kan kwafin. Goge faifai da man goge haƙori, da sauran dabarun da ake ji a bakin mutane, sai bayan an gama wannan, don kada garin neman gira a rasa ido.

4.0 MATSALOLI DA MAGANINSU

4.1 Na'urar Karatu

Ko da yake faifai ne ƙofar farko, da na'urar karatu ake fara bincike, domin gwada ta ba ya cutar da kome. A sa mata wani faifai lafiyayye irin wanda ake son karantawa. Muka ce irinsa, domin kuwa hasken da ke karanta CD dabam yake da wanda ke karanta DVD: na farko tsawon zangonsa nanomita 780 ne, na biyu 650. Ɗaya yana iya mutuwa ɗayan yana aiki, sai mutum ya ga na'urarsa tana kunna fim a DVD, ya yanke hukunci cewa faifan CD ɗinsa ne ya lalace, alhali kuwa lafiyarsa lau.

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba sa zuwa da na'urar karatu, sai dai a sayi ta waje mai jona wa kafar USB. Irin waɗannan sukan yi fama da ƙarancin wuta, alamar haka kuwa ita ce a ji faifai ya ɗauki gudu sai ya tsaya, ya sake ɗauka. Maganinsa a sauya kafa, ko a yi amfani da waya mai kai 2. Ƙurar hunturu ma takan kwanta a kan idon na'urar ta dushe shi.

Bugu da ƙari, na'urori ba ƙarfinsu ɗaya ba. Faifan da ya gagari wannan yana iya karantuwa a waccan, musamman manyan na'urori na kwamfutar tebur. Saboda haka ba a yanke ƙauna da faifai sai an gwada shi a na'urori 2 ko 3 na kamfanoni dabam-dabam, an kuma rage gudun karatu.

4.2 Jikin Faifai

Idan na'ura lafiya take, sai a juyo kan faifan. A ɗaga shi a haske a duba. Idan datti ne ko shatin yatsa, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu marar ƙarfi, a goge da ƙyalle mai taushi daga cibiya zuwa baki, miƙe. Ba a goge faifai da kewaye. Dalili kuwa shi ne, ƙarzuwar da ta ratsa layi tana ɓata ɗan kaɗan ne daga kowane zagaye, bayanan gyara su cike gurbin. Wadda ta bi layi kuwa tana share bayanai masu yawa a jere, fiye da abin da za a iya gyarawa.

Idan aka ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji, ko shafin ƙarfe yana ɓanɓarewa, ko launin faifan ya sauya daga baki, to ruɓewa ce, wanki ba ya maganinta. Wannan cuta ba ta bar ko fayafayan masana'anta ba. Tsakanin 1988 da 1993 masana'antar PDO da ke Blackburn a Ingila ta buga fayafayai da wani fenti wanda bai iya kare shafin ƙarfe daga sinadarin farar wuta da ke cikin takardar kwali ba, sai suka riƙa komawa launin tagulla suna lalacewa. A fayafayan gida kuwa, takardar suna da ake mannawa da alƙalami mai kaifin baki suna cikin manyan masu ɓarna.

Alamar lahani a jikin faifai ita ce kwafi ya yi nisa sai ya tsaya cik, kwamfuta ta kawo saƙon kuskuren bayanai. Hanyar kwafi ta yau da kullum ba ta da haƙuri, da ta ci karo da yanki ɗaya marar kyau sai ta watsar da fayil ɗin duka. A nan ne ake bukatar manhajar ceto, kamar GNU ddrescue, wadda kyauta ce. Yadda take aiki shi ne, ta fara kwashe duk yankunan da ke karantuwa cikin sauƙi, tana tsallake masu wuya, tana kuma rubuta taswirar inda ta samu da inda ta rasa. Daga baya ta dawo ta yi ta maimaita masu wuyar. Amfanin taswirar nan babba ne. Ana iya cire faifan a kai shi wata na'ura a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan kuma an taɓa naɗar faifai 2 iri ɗaya sak, duka sun lalace, ana iya cike giɓin wannan da wancan, domin da wuya lahaninsu ya faɗa wuri guda.

4.3 Tsarin Jera Fayiloli

Wani lokaci faifai da na'ura duk lafiya suke, amma kwamfuta ta nuna faifan fanko, ko ta nuna kaɗan daga abin da aka san an zuba. A juya faifan a duba ƙasansa: wurin da aka naɗa yakan bambanta da launi daga wurin da ba a taɓa ba. In akwai wannan shati, bayanan suna nan, jadawalinsu ne ya sami matsala. Dalilan da suka fi yawa su ne:

(a) Ba a rufe faifan ba bayan naɗi, ko wutar lantarki ta ɗauke ana cikin naɗi.

(b) An yi naɗi sau da yawa a faifai ɗaya, amma a naɗin ƙarshe ba a haɗo jadawalin na baya ba. Kwamfuta takan nuna na ƙarshe ne kawai, na farko su ɓuya.

(c) An yi amfani da manhaja irin su DirectCD ko InCD, waɗanda ke sa a riƙa jefa fayil a faifai kaɗan-kaɗan, aka kuma cire shi ba a kammala ba.

Manhaja irin IsoBuster tana nuna kowane naɗi dabam, a shiga a kwashe. Idan jadawalin ya lalace sam, PhotoRec tana bin yankunan faifan ɗaya bayan ɗaya tana gane fayiloli ta alamar da kowane iri yake farawa da ita. Sai dai sunayen fayilolin ba sa dawowa, dole mai su ya zauna ya buɗe su ya sake raɗa musu suna.

Maganar suna ta shafe mu ƙwarai, mu masu rubutu da Hausa. Tsarin ISO 9660 na 1988, a matakinsa na farko, bai yarda sunan fayil ya wuce harafi 8 da ƙarin 3 ba, kuma manyan haruffan Ingilishi da lambobi da ɗan layin ƙasa kaɗai ya sani. Jaka cikin jaka kuma ba ta wuce hawa 8. Sai a 1995 kamfanin Microsoft ya ƙara tsarin Joliet mai ɗaukar harafi 64. Faifan da aka naɗa da tsohon tsarin kaɗai yakan datse suna ya kuma zubar da haruffa masu lanƙwasa, ta yadda "Ƙamus babi na ɗaya" da "Ƙamus babi na biyu" za su koma wasu guntayen sunaye masu kama da juna. Abin da ke cikin fayil bai taɓu ba, amma wanda bai san haka ba sai ya ɗauka aikinsa ya ɓace.

Wurin da ake zuba fayilolin shi ma yana da nasa sharuɗɗa. Ƙaramin rumbun aljihu mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da kuwa akwai fili fal. Cikakken kwafin DVD kuwa ya haura haka. Maganinsa a nemi rumbu mai tsarin NTFS ko exFAT. Haka kuma manhajoji da yawa na Windows ba sa iya bin adireshin fayil da ya wuce harafi 260, idan an haɗa sunayen jakunkunan da yake ciki. Sai a maido da ajiyar cikin jaka mai gajeren suna a bakin rumbu. Daɗin daɗawa, fayil ɗin da aka kwafo daga CD yakan zo da alamar "karatu kawai", wadda ke hana wasu manhajoji buɗe shi, alal misali Outlook da jakar wasiƙunsa; cire alamar shi ne maganin.

4.4 Manhajar Ajiya

Wannan ita ce ƙofar da ta fi rikitar da mutane. Akwai wanda ya kwafi fayilolinsa yadda suke ya zuba a faifai. Wannan ya huta. Akwai kuma wanda ya yi amfani da manhajar ajiya, ita kuwa takan ɗaure fayiloli duka cikin ƙunshi guda wanda ita kaɗai ta san kwance shi.

Babban misali shi ne NTBackup, wadda Windows XP da wasu daga cikin waɗanda suka gabace shi suke amfani da ita. Tana fitar da ƙunshi mai ƙarshen suna bkf. Daga Windows Vista kamfanin ya cire ta, ya sauya tsari, ya dai fitar da wata ƙaramar manhaja ta maidowa kawai domin Vista da Windows 7. Saboda haka wanda ya sa irin wannan faifai a Windows 10 ko 11 zai ga ƙunshinsa amma ba abin da zai buɗe shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a nemi tsohuwar kwamfuta mai XP, ko a girka XP a cikin kwamfutar kwaikwayo ta hanyar manhaja irin VirtualBox, ba tare da an jona ta da intanet ba, tunda an daina yi wa XP gyaran tsaro tun 2014. A kwafi ƙunshin zuwa rumbu, a umarci NTBackup ta sake gina jadawalinsa, sa'an nan a maido.

Ajiyar Windows 7 ta fi wannan sauƙi, domin a cikin jerin ƙunshin zip take zuba fayiloli. Ko da manhajar ta ƙi gane ajiyar, ana iya shiga jakunkunan a buɗe ƙunshin ɗaya-ɗaya da hannu. Abin lura shi ne babban fayil yakan rabu gida-gida cikin ƙunshi fiye da ɗaya, sai an harhaɗa shi bi da bi.

Akwai wasu abubuwa 3 da ya kamata a sani a nan. Na farko, ajiyar da ta bazu a fayafayai da yawa takan ajiye jadawalinta a faifan ƙarshe, shi ya sa manhaja kan nemi a fara sa mata shi. Wanda bai sa wa fayafayansa lamba ba zai sha wahala. Na biyu, ajiya iri-iri ce. A ce an ɗauki cikakkiyar ajiya ran Litinin, daga nan kullum ana ɗaukar abin da ya sauya tun jiya kawai. Wanda ke son aikin Jumma'a dole ya maido da na Litinin, ya bi da Talata, Laraba, Alhamis, Jumma'a, a jere. In faifan Laraba ya ɓace, abin da aka sauya ran nan ya tafi. In kuwa kullum ana ɗaukar duk abin da ya sauya tun Litinin ne, to faifan Litinin da na Jumma'a sun wadatar. Na uku, ajiyar da aka kulle da kalmar sirri mai ƙarfi, ko fayilolin da Windows ya kulle da mabuɗin da ke cikin tsohuwar kwamfuta, ba su da wata ƙofar baya. Wannan ya bambanta da saƙon hana shiga da kwamfuta kan bayar don fayil ɗin yana ɗauke da sunan tsohon mai shi. Shi wannan mai kula da kwamfuta yana iya karɓe mallakarsa cikin minti kaɗan.

4.5 Shi Kansa Fayil

Ƙofa ta ƙarshe ita ce fayil ya dawo amma ya ƙi amfanuwa. A fara duba girmansa. Idan kundi guda bai wuce kilobayit 1 ko 2 ba, to mai yiwuwa ne tun farko 'yar manuniyar da ke kan allo aka naɗa, ba kundin ba. Wannan kuskure ba shi da magani a faifan. Idan girman daidai ne, wataƙila tsarin rubutun ne ya tsufa, kamar na WordPerfect ko na Word kafin 1997. Manhajar LibreOffice tana buɗe da yawa daga cikin irin waɗannan.

Matsalar da ta keɓanta da mu ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu na kansu, amma an daɗe kafin amfani da shi ya bazu. Kafin nan masu buga Hausa suna amfani ne da wasu keɓaɓɓun salon haruffa waɗanda suka ɗora waɗannan haruffa a gurbin wasu alamomi. Idan aka buɗe irin wannan kundi a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai a ga baka ko wata alama a duk inda ƙ ko ɗ take. Rubutun bai lalace ba. A nemi tsohon salon a girka, ko kuwa, abin da ya fi, a gano alamar da ke wakiltar kowane harafi, babba da ƙarami, a umarci manhaja ta musanya su duka da na Unicode, a bi a tace, a adana sabon kwafi.

5.0 DARASI DAGA WASU WURARE

Kada a ɗauka cewa wannan matsala ta marasa hali ce kawai. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara bayanai da hotuna a kan rayuwar Birtaniya, da taimakon mutane fiye da miliyan 1, galibinsu 'yan makaranta, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday na 1086. An zuba aikin a manyan fayafayan leza 2 waɗanda sai da wata keɓaɓɓiyar na'ura ake karanta su. Kafin a cika shekara 20 na'urorin sun yi wuyar samu, sai da masana na jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙirƙiro kwaikwayon tsohuwar kwamfutar a 2002. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta a kan fata, yana nan ana karanta shi. Darasin shi ne faifai yana iya rayuwa mai karanta shi ya mutu.

Misali na biyu ya faru ran 31 ga Janairu 2017, sa'ad da wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka juya ga ajiya sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba su yi aiki ba. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe tana faɗuwa saboda manhajar ajiyar tsohuwa ce, ba ta dace da sabon rumbun ba, saƙon gargaɗin da take aikawa kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin nan, aikin waɗannan awoyi kuwa ya salwanta. Darasin shi ne ajiyar da ba a taɓa gwada maido da ita ba, zato ce kawai.

6.0 SHAWARWARI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga ɗaiɗaikun malamai da sassan jami'o'i da ɗakunan karatu:

(1) Duk wanda ke da fayafayan CD-R da DVD-R masu muhimmanci ya kwashe abin da ke cikinsu yanzu, tun ana samun na'urorin karatu, ya fara da waɗanda ba su da kwafi a ko'ina.

(2) A riƙe kwafi 3 na kowane aiki, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani gini dabam.

(3) A lissafa wa kowane fayil lambar shaida, alal misali ta hanyar SHA-256, a ajiye jerin tare da ajiyar. Idan ko ɗigo ɗaya ya sauya a fayil, lambar za ta sauya, ta haka ake sanin an maido da shi daidai.

(4) A fifita kwafi na fili a kan ƙunshin da manhaja ɗaya ce kawai ke kwance shi. In ba makawa, a adana manhajar da kalmar sirrin a wuri amintacce.

(5) Fayafayan da za a ci gaba da riƙewa a ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, nesa da rana. Masana adana kayan tarihi suna ba da shawarar zafin da bai wuce digiri 20 ba a ma'aunin Salshiyas. Ofis a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu kuwa, inda zafin waje kan haura 40, ya yi nisa da wannan.

(6) A ware rana, ko sau ɗaya ne a shekara, a ɗauki wasu fayiloli daga ajiya a maido da su a wata kwamfuta dabam, a buɗe a gani da ido.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa kalmar "faifai ya lalace" ta ƙunshi matsaloli dabam-dabam, kuma kaɗan ne daga cikinsu ba su da magani, watau ɓanɓarewar shafin bayanai, da ɓatan mabuɗin sirri, da abin da tun farko ba a naɗa ba. Sauran duk ana iya shawo kansu idan an bi ƙofofin nan bi da bi, an kuma kiyaye faifan daga gyaran gaggawa. Abin da ya rage shi ne sassanmu na nazarin harsuna da tarihi su ɗauki kwashe waɗannan fayafayai a matsayin aikin hukuma, a sa masa mai kula da kasafi, domin da yawa daga abin da ke cikinsu amana ce ta mutanen da suka ba mu lokacinsu da iliminsu. Muna fatan mahalarta wannan taro, in sun koma gida, za su buɗe kabad su fara da faifan da ya fi tsufa. Allah ya sa mu dace.